Gangunan da Malam Labbo Ya Tsayar

Makon jiya na je kallon feshin shinkafa a wata gona a bakin gulbin Bungudu. Samari uku ne suka zo da ɗan jirginsu maras matuƙi a bayan mota, suka sauke shi da hannu biyu, ɗaya ya riƙe abin sarrafawa yana dannawa, jirgin ya tashi yana kukan sauro. Aikin ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Da suka gama, wani ya nuna musu ni, ya ce tsohon can ma ya yi aikin jirgin feshi. Babbansu, mai suna Nura, ya zo ya rusuna ya gaishe ni, ya tambaya ko tuƙi na yi. Na ce a'a, mai nake zubawa.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Au, zuba mai na? To Baba ai ku kun huta."

Ban ba shi amsa a can ba, don rana ta yi zafi kuma gwiwata ba ta son tsayuwa. Ga amsar yanzu, shi da duk mai irin murmushinsa.

Sunana Ummaru. Akwai wani ƙauye can cikin dajin Bungudu, in an wuce Furfuri an yi nisa, inda har yau in ka ce Ummaru Hana-Tashi tsofaffi za su yi tsaki. Ni ne. Ban sayi sunan ba, ban kuma taɓa roƙon a daina kirana da shi ba.

Kananzir nake aunawa a Sabon Garin Gusau lokacin da Oga Bitrus ya ɗauke ni. Injiniyan jirgi ne, mutumin Filato, yana haya a bayan rumfarmu, kullum shi yake zuwa sayen kananzir da kansa. Wata rana ya ce ya lura ina goge mazurari kafin in zuba, in kuma goge bayan na zuba, in kife shi. Ya ce, "Kai ne nake nema. Wanda yake jin ƙyanƙyamin datti ne nake so, ba mai wayo ba." Wani kamfani ne ya sami aikin feshin tsuntsayen jan baki a ƙasarmu, kuma jirginsu yana can bakin teku, sai an je an taho da shi.

Ku da kuka saba ganin manyan jirage masu saukar ungulu suna wucewa bisa kanku a kwanakin nan, da kun ga namu da kun yi dariya. Irin na farko-farkon nan ne. Gabansa ƙwallon gilashi, bayansa ƙarafa tsirara kamar tsani, fukafukansa biyu na katako, kujera biyu, babu ƙofa. Matuƙinsa Bature ne, dogo mai jan fuska, muka sa masa Jatau. Shi ma ya karɓi sunan, har yana gabatar da kansa da shi.

Tahowar nan daga Legas zuwa Gusau ita ce makarantata. Jirgin ba ya wuce awa biyu da 'yan mintoci a sama sai ya nemi sha, kuma a wancan zamani babu inda za ka sami mansa a hanya. Saboda haka mu ne muke gaba a babbar mota da ganguna, shi yana baya. Mu tashi da asuba, mu sami fili a bayan wani gari, mu share shi, mu kori awaki, mu shimfiɗa farin ƙyalle, mu jira. Jatau ba shi da wata na'ura mai nuna hanya sai taswira a cinya da layin dogo a ƙasa. In ya sauka mu shayar da jirgin, ya zauna ya ba mu rata, mu sake wucewa gaba. Mutane suna ganin jirgi ne ya yi doguwar tafiya. Ni da na ci ƙurar hanya na san mota ce ta yi tafiyar, jirgin tsalle-tsalle kawai ya yi ta yi a bayanmu. Kwana shida muka yi. Zangon ƙarshe kafin Gusau a filin 'Yandoto muka yi shi, inda iskar farfela ta kwashe wa wata tsohuwa shanyar kuɓewa kaf, ta bi Jatau da muciya har gindin jirgi.

Kayan aikina ba su da yawa. Famfon hannu da tiyo. Babban mazurari. Wata fata mai laushi da ake shimfiɗawa a bakin mazurari, wadda mai yake ratsawa amma ɗigon ruwa ya tsaya a kanta. Waya da nake maƙalawa tsakanin mazurari da jikin jirgi don kada tartsatsi ya tashi. Sai kwalba. Farar kwalba ce mai faɗin baki, kuma ita ce shugabar kayan. Kowace ganga, kafin a taɓa ta, sai na zaro mai daga can gindinta na zuba a kwalba na ɗaga wa rana. Man jirgi kore ne, garau. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar tsakiya. Ruwa cokali biyu ya isa ya sa inji ya yi tari a sama. Mota in ta yi tari sai ka gangara gefen titi. Ku gaya mini ina gefen titi yake a sama.

Wata rana a Tsafe, cikin daminarmu ta farko, na bar ganga ɗaya a tsaye saboda gajiya. Sabuwa ce, murfinta a ɗaure tamau. Oga Bitrus ya gani ya wuce abinsa. Aka yi ruwa sau biyu a makon. Rana ta bakwai ya kira ni ya ce in ɗebo a kwalba. Na ɗebo, sai ga ruwa kwance a ƙasa. Na rantse ban buɗe ba. Ya ce ya sani.

"Ganga yana numfashi, Ummaru," in ji shi. "Da rana zafi ya sa ya fitar da iska. Da yamma ya huce ya ja iska ciki. In ruwa ya taru a kansa, ruwan ne zai ja, ta zaren murfi, ko ka ɗaure shi da ƙarfin mutum goma."

Daga ranar ban sake barin ganga a tsaye ba. Kwantar da ita ake yi, murafunta biyu su daidaita, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda man da ke ciki zai rufe bakinsu. Wannan duka shi ne sirrin, kuma da za ku iya koyonsa a minti ɗaya. Ni sai da ya sa na ɗauki gangar nan na mirgina ta daga filin jirgi har tasha a gaban 'yan tallan Tsafe.

Shekara huɗu muna wannan aiki. Jan baki ba a fesa masa magani da rana, don yana warwatse a gonaki. Sai masu bin sawu sun gano makwancinsa, duhun ƙaya ko ciyawar fadama inda yake taruwa, sannan jirgi ya bi ta kai daidai faɗuwar rana, lokacin da suka gama sauka. Abin da bai kai awa ɗaya ba ne, in ya wuce sai gobe. Manoma kuwa ba su ɗauke mu ma'aikata ba, sun ɗauke mu baƙi. Duk inda muka sauka sai an yanka kaza. Akwai garin da aka kawo wa jirgin kansa dami biyu na harawa, don wai duk abin da ya ɗauko mutum daga nesa ya cancanci a ba shi abinci.

Sai muguwar shekarar ta zo. Tsuntsu ya yi yawan da ban taɓa gani ba, in ya taso sai ka ce hadari ne. Tun farkon damina muka rarraba man da muke da shi a wurare, don in ruwa ya kankama mota ba ta shiga. Ganguna huɗu na kai wannan ƙauye na bayan Furfuri. Aka ce in bar su a hannun Malam Labbo, dattijo ne mai gona a bakin fadama, wanda duk garin in za a ba da ajiya shi ake ba. Na kwantar da su a ƙasa a gefen zaurensa, na daidaita murafu. Ya kamata in sa musu itace a ƙarƙashi, amma hadari ya haɗo kuma direba yana ta danna odar mota. Na ce wa dattijon kada kowa ya taɓa su.

Ya ce, "Ɗana, tahi da hankalinka kwance. Ko kaza ba ta hawa bisansu."

Na ce kada a taɓa. Ban ce don me ba. Ku riƙe wannan, don nawa rabon laifin ke nan kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

Bayan wata ɗaya da rabi saƙo ya same mu a Tsafe cewa jan baki ya sauka a ƙauyen, gero kuma ya kai tumu. An gano makwancin a fadama. Oga Bitrus yana kwance da zazzaɓi a Gusau, saboda haka ni kaɗai na tafi da famfo da magani, da babban jami'in aikin a gaban mota. Muka maƙale a wani rafi, muka fita, muka sake maƙalewa. Ba mu isa ba sai bayan la'asar. Tun daga nesa muke jin gwangwanaye da ihu, kowa yana gonarsa yana kora, mata har da masu goyo. Muna tsayawa sai ga ƙarar jirgi. Jatau ya taho daga Tsafe bayan ya yi wani aikin a hanya, ya sauka da abin da ba zai ɗaga shi ya kai ko'ina ba. Ya dogara da gangunana.

Su kuma mutanen garin, don su taimaka, sun riga sun mirgino gangunan daga ƙofar Malam Labbo har filin, da gudu, suna waƙa. Na je zan buɗe ta farko sai na ga kanta. Tsatsa ta yi zobe a kewaye, irin wadda ruwa yake bari in ya daɗe a kwance. Na duba ta biyu, haka. Na waiga wajen zauren, sai na hango duwatsu an jera su da kyau a wani tudu, da zana a jingine. Nan take na gane. Ruwa ya yi yawa, laka ta fara cin cikin gangunan, dattijo ya kasa kallon kayan baƙo a kwance cikin taɓo. Ya sa aka tsayar da su a kan dutse, aka rufa musu zana, yadda mutumin kirki yake yi wa kayan amana. Duk garin sun gani, sun kuma yaba masa.

Na zuba a kwalba na ɗaga. Ba kore ba ne garau. Ya yi dishi-dishi kamar ruwan tsamiya, da jan gari yana yawo a ciki, ruwa da tsatsa duk mirginawar nan ta dama su. Na gwada duka huɗun. Babu ta zaɓe.

Na ce wa Jatau ba a zubawa. Sai man ya kwana ya kwanta tukun.

Jami'in ya ce in tace da fata mana, ai don haka aka yi ta. Na ce fata tana tare ɗigo ne, in ta jiƙe da ruwa ita da kanta take ba shi hanya. Jatau ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya dubi rana, ya dubi matan da suka fara taruwa. Mutumin kirki ne, kuma wannan ne ya kusa kashe shi. Ya ce da 'yar Hausarsa, "Rabin tanki. Minti ashirin. Za a gwada."

Ga abin da Nura bai sani ba. Irin jirgin namu in injinsa ya mutu yana can sama sosai, farfela tana ci gaba da juyawa da kanta, gwanin matuƙi yana iya sauko da shi lafiya. Amma feshin makwanci a kan bishiya ake yinsa, ƙafar jirgi tana kusan shafar ƙaya, ga duhu yana shigowa, ga magani cike a bayansa. A nan in inji ya yi tari sau ɗaya, shi ke nan. Gero yana gefe guda, ran Jatau yana gefe guda, kuma famfon a hannuna yake.

Na kwance hannun famfon na zura shi cikin rigata.

Wurin ya kaure. Wata mata ta zube a gabana tana cewa, "Ka ji tsoron Allah, ɗan nan! Abincin shekara na shika ƙarewa!" Jami'in ya yi tsawa ya ce a kawo bokiti, za a zuba ko babu famfo, kuma ni in san na bar aiki. Na matsa kusa da shi na girgiza kwalbar a gaban idonsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kujera biyu ce a jirgin nan. In za ka zauna a ta biyun, wallahi ni da hannuna zan zuba." Ya dubi kujerar, ya dubi kwalbar, bai sake maganar bokiti ba. Jatau ya cire hular kansa ya je ya zauna a gindin wata ɗorawa.

Sai wani manomi ya ratso taron ya sha gabana. Ya ce, "To mi ya samu man? Wa ya ɓata shi? Mu dai mun ga an aje shi lahiya lau!"

Malam Labbo yana tsaye a bayansa da sandarsa. Ya ga lokacin da na shafa kan gangar, ya ga lokacin da na waiga wajen duwatsun. Kalma ɗaya zan faɗa, in ce tsayar da gangunan da aka yi ne, sai duk idon nan da ke kaina ya koma kansa. Ni baƙo ne, jibi zan tafi. Shi a nan zai yi sallah da su, a nan zai aurar da 'ya'yansa, a nan za a binne shi, a cikin mutanen da za su riƙa cewa shi ya jawo musu yunwa. Kuma ni ne ban gaya masa dalili ba.

Na ce, "Ban sani ba. Ni dai ba ni zubawa."

Muna tsaye rana ta faɗi, tsuntsu ya yi ta kwarara cikin fadama a gabanmu, babu abin da ya taɓa shi. A ranar babu wanda ya kawo mini ko ruwan sha.

Washegari man ya kwanta. Na karkata gangunan, na zaro na sama a hankali, na tace sau biyu, na sami mai tsabta da zai isa kafin azahar. Da la'asar sai hadari ya taso, aka yi ruwa da iska har bayan magariba, babu tashi. Rana ta uku masu bin sawu suka dawo suka ce makwancin wayam. Tsuntsu ya gama abin da ya zo yi ya ƙara gaba. Na zaga gonakin da ƙafata. Zangarniya tana tsaye a kan kara, amma in ka murza ba ka samun ƙwaya goma. Gonar Malam Labbo ita ce ta fi kusa da fadama, ita aka fara cinyewa. A shekarar nan akwai gidajen da suka sayar da shanun huɗa, akwai magidantan da suka tafi cin rani ba su dawo ba. Ba na rage wannan, kuma ba na so kowa ya rage mini shi.

Rahoto ya tafi cewa mai zuba mai ya ƙi aiki. Jatau ya rubuta nasa, bai hana komai ba. Ƙarshen damina aka sallame ni. Oga Bitrus ya kira ni ɗakinsa a Sabon Gari ya ce, "Wa ya tsayar da gangan?" Na ce ban sani ba. Sannan ya buɗe akwatinsa ya ɗauko tasa kwalbar ya ba ni, ya ce in tafi da ita. Da ita na yi shekara talatin ina duba tankokin wani gidan mai a Gusau, direbobin tanka suna zagina saboda ina ɓata musu lokaci. Jatau kuwa bayan shekara biyu ya mayar da jirgin bakin teku zango-zango kamar yadda muka kawo shi, ya koma ƙasarsu da ƙafafunsa biyu.

Ban sake taka ƙauyen ba sai da na ji rasuwar Malam Labbo, lokacin hanya tana biyuwa. Abokaina suka ce kada in je, ba za a yi murna da ganina ba. Na ce ba murna na je nema ba, gaisuwa na je yi. A zaure na faɗi sunana, wasu tsofaffi biyu suka kau da kai. Autan marigayin, wanda ba a ma haife shi ba a waccan shekara, shi ya rako ni waje. Ya ce, "Ashe kai na Malam Ummaru. Duk garinga da wani suna aka kiranka, amma ban da gidanmu. Baba ya taɓa marin yayana a kan sunan nan, shina da mata da ɗiya."

Muna tafe sai na ga ganguna uku a gefen zauren, na man injin niƙa da na ban ruwa. A kwance suke, a kan itace biyu.

Ya ga ina kallo, ya ce, "Haka Baba ya saba muna. Bai taɓa bari ganga ta kwana tsaye gidanga ba. Mun tambaye shi dalili har munka gaji, bai hwaɗi ba."

Na tsuguna na duba murafun. Ɗaya dama, ɗaya hagu, daidai yadda na bar masa nawa a ranar da direba yake danna mini oda. Ko Oga Bitrus ba zai sami abin gyarawa ba. Shekara da shekaru dattijon nan ya sani, ni ma na sani, kuma babu wanda ya ce wa wani uffan. Na daɗe a tsugune kafin in iya tashi, kuma ba gwiwa ce ta hana ni ba.

To Nura, ɗan jirginka in ya faɗi roba ce ta fashe, gobe ka yi odar wani. Namu mutum ne a ciki. Da za a mayar da ni filin nan yau, da matar nan a gabana tana kuka, da tsuntsu yana sauka, wallahi sai na sake zare hannun famfon. Abu ɗaya kawai zan sauya: zan bar direba ya yi ta danna odarsa, in tsaya minti ɗaya in gaya wa Malam Labbo cewa ganga tana numfashi.